Katsinar Barth da Katsinarmu

Duk lokacin da hira ta kai ga tarihi a Kambarawa, da wuya a tashi ba a ambaci Heinrich Barth ba, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim. Ya iso Katsina a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, a tafiyar da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyi. Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858.

Abu biyu muka fi riƙewa daga littafin. Na farko yabon da ya yi wa Hausar Katsina, cewa a nan ta fi wadata da tsabtar lafazi. Na biyu hasashensa cewa birnin da ya taɓa ɗaukar mutum dubu ɗari ya koma dubu bakwai ko takwas. Na farkon muna alfahari da shi, na biyun muna jimami, amma duka biyun mun haɗiye su babu tauna.

Ba mu raina aikin Barth ba. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa, ya rubuta sunayen unguwannin birnin da ba don shi ba da wasunsu sun ɓace mana. Sai dai baƙo ne, kwanakinsa a garin a wannan zuwan kaɗan ne, kuma yawancinsu sun ƙare wajen ja-in-ja da fada a kan kyautar da zai bayar kafin a bar shi ya wuce Kano. Ƙidaya bai yi ba. Dubu ɗarin nan daga faɗin ganuwa ya kintato ta. Wa ya shiga da shi zaurukan unguwa irin tamu? Wa ya lissafa masa fataken da suka fita da rani?

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi makala musamman a kan zaman Barth a Katsina, inda ya nuna cewa shaidar gani da ido ma sai an tantance ta. Mu kuwa har yanzu muna yaɗa alƙaluman a waya kamar nassi.

Mu karanci Barth a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Sauran suna cikin kundayen malamanmu da bakin dattawan unguwa. Littafin Barth yana ajiye a ɗakunan karatu, zai jira mu. Dattawan ne ba za su jira ba.