Karɓagari a Ƙasar Wakanda

'Yar uwa, in kin kalli fim ɗin nan Black Panther da ya fito a 2018, to zo mu tattauna. In kuwa ba ki gani ba, bari in gutsura miki. Labari ne ƙirƙirarre na wata ƙasar Afirka mai suna Wakanda, wadda ta ɓoye kanta daga idon duniya. Suna da wani ƙarfe, bibraniyam, da shi suka ƙera jiragen da ido ba ya gani da mashin da ke kifar da mota. Mutane ne mayaƙa, dogaran sarki ma duk mata ne masu aski ƙwal, ana ce da su Dora Milaje, shugabarsu Okoye. Ni dai har sau uku na kalle shi, yara na ta ihu wajen faɗa, ni kuwa hankalina ya tafi gida Daura.

Ga abin da ya kai ni. Sarkinsu T'Chaka ya kashe ƙanensa N'Jobu a Amurka a 1992 saboda cin amanar ƙasa. Mamacin ya bar ɗa ƙarami, maimakon a ɗauko yaron a kawo shi cikin dangi, sai aka juya aka bar shi da gawar ubansa, aka rufe zancen. Yaron nan, Kilmonga, ya tashi da ƙullin a zuci, ya shiga soja, duk ran da ya ɗauka sai ya yi wa jikinsa tabo guda, har fatar ta zama kamar bayan kada. Ran da T'Challa ɗan sarki ya gaji ubansa, sai ga shi da zoben gidan sarauta, wai ya zo karɓar gari.

Karɓar gari! Wace 'yar Daura ce za ta ji wannan ba ta tuna Karɓagari ba? Kin san labarin. Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Magajiya Daurama. Ita kuma ta ba shi kuyangarta Bagwariya. Da Bagwariya ta riga ta haihuwa, ta samu namiji, sai aka sa masa Karɓagari, habaici ƙuru-ƙuru ga uwargida. Da Daurama ta haifi nata, sai ta mayar da martani da Bawo, wato a bawo garin. Dubi fa, jarirai ne a zanen goyo, ba su san dawan garin ba, amma an riga an rataya musu rigimar manya a wuya. Mu mata mun san wannan sarai, don har gobe akwai gidan da ake rainon yaro da "kada ka bari ɗan waccan ya fi ka".

A nan fim ɗin ya burge ni, kuma na jinjina wa Ryan Coogler da ya shirya shi. Bai nuna mana Kilmonga a matsayin mugun da ya faɗo daga sama ba. Ya nuna cewa a cikin gida aka shuka burinsa, kuma masu rawani ne suka shuka. Wurin da T'Challa ya je ƙasar kakanni ya tsaya gaban mahaifinsa yana tuhumarsa kan yaron da aka yasar, wallahi sai da na share ƙwalla. Har maganar Kilmonga akwai ƙamshin gaskiya a ciki: me ya sa Wakanda ke zaune kan arziki alhali baƙar fata na shan wuya ko'ina? Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne ranar da ya hau, ya sa aka ƙone gonar tsiron da ke ba sarakuna ƙarfi, don kada wani ya biyo bayansa. Mai son jama'a ba ya ƙone irin shuka. Nan na gane kujerar yake so, jama'a kuwa tsani ne.

Amma ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. A ce ƙasar da ta fi kowa ilimi, mai warkar da harbin ƙashin baya cikin dare ɗaya, wai sarautarta da kokawa ake ci a bakin ruwa? Wanda ya ka da wani shi ne sarki, ko da jiya ya sauka a garin? Haba! Fim ɗin ya ƙawata wurin da kiɗa da tufafi har mai kallo ya manta wautar da ke ciki. Daura ta ɗanɗana sarautar da takobi ya raba. Wajen 1805, zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya bar birnin, Malam Ishaku ya hau, gidan tsohuwar sarauta ya rabu tsakanin Zango da Ɓaure, sai a 1906 aka dawo da Malam Musa. Shekara ɗari ke nan, ba rabin sa'ar fim ba. Ko a labarin Kusugu ma, da gari ya waye mazaje da yawa sun bugi ƙirji cewa su suka kashe macijin, sai Daurama ta ce a kawo kan. Hujja ta nema, kuma abin da ta saka wa shi ne ruwan da talakawa suka samu.

Sai Okoye, wadda na fi daɗewa ina juyayinta. Da Kilmonga ya jefa T'Challa cikin kwazazzabo, Nakia ta roƙe ta su gudu, ta ƙi, ta ce ita gadon sarauta take wa biyayya ko wa ke kai. Wata ƙawata ta ce wannan ita ce riƙon amana. Ni ban yarda ba duka. Tana tsaye aka aika a kai makamai duniya, ba ta ɗaga mashi ba sai da ta ga T'Challa da rai, wato sai da al'ada ta ba ta ƙofa. Nakia kuwa, wadda ta lallaɓa ta tsinko tsiro guda kafin wuta ta ci, ita ce ta ceci ƙasar. Duk da haka na yaba wa Okoye ranar da ta tare gaban masoyinta W'Kabi a fagen fama, har ya zubar da makaminsa ya durƙusa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matan fim ɗin su ne masu dabara, su ne masu ilimi irin Shuri, su ne masu mashi, amma aikinsu gadin kujerar maza. Sai da Chadwick Boseman, wanda ya fito a T'Challa, ya rasu a 2020, sannan a fim na biyu na 2022 aka ga uwarsa Ramonda a kan gado, ita ma kafin a kai ƙarshe ruwa ya ci ta, aka rufe da M'Baku ya zo neman sarautar. Mu kuwa a Daura ana lissafa mana magajiyoyi jere, tun daga Kufuru a Tsohon Birni har zuwa Daurama, kafin Bawo ya hau maza su ɗora daga nan.