Kyamara Ta Bi Hanya, Amma Ba Ta Ga Gari Ba

Mai karatu, don Allah tuna mini: a finafinan Hausa nawa ka ga an bar Kano a mota, kuma tafiyar ce labarin? Abin da aka saba shi ne jarumi ya tada mota a ƙofar gida, a yanke, sai ga shi a Abuja. In ka ga an shiga ƙauye, to waƙa za a ɗauka, ko a yi wa baƙauye dariya.

Alhali kuwa da tafiya ƙagaggun labaranmu suka fara. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, da suka fito daga gasar 1933, duk labaran matafiya ne. Haka ma Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. To yaushe muka yar da wannan gado?

Zo mu hau titin Zariya ka gani. Kana wuce Kumbotso ka doshi Kura, ko da tsakiyar rani ne, sai idonka ya cika da kore. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bin kwalbatoci yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Kadawa. Ga shinkafa, ga alkama, ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan. A 2016 tsutsa ta cinye tumatirin yankin, manoma suka kwana da bashi. Wannan ba labari ba ne? Amma 'yan fim sun sha zuwa Tiga don rawa a bakin ruwa, ba su tambayi inda ruwan ke zuwa ba.

Mu ci gaba. A Kwanar Ɗangora ka karya hagu, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, sai Riruwai, tsohon garin kuza. Mutanensa na narka kuza tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanoni suka zo suka haƙa suka tafi, suka bar ramuka. Garin da arzikin ƙasa ya tara wa jama'a, sannan ya watse, ai ya fi falon Alhaji abin kallo.

Irin wannan rububi ba na kuza kaɗai ba ne. An yi shi a kan zinare a ƙasar Birnin Gwari a shekarun 1930. An sake yi a Zamfara, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinare a cikin gidaje. Amurkawa sun gina finafinan kaboyi a kan garuruwan zinarensu. Mu namu fa?

Na san furodusa zai ce kuɗin mai, masauki, ga matsalar tsaro a hanyoyin Zamfara da Birnin Gwari. Gaskiya ne. Amma Kura ai a ƙofar gida take, kuma marubuci ba ya biyan kuɗin lokeshin: biro da takarda sun ishe shi.

Saboda haka, mai karatu, in ka haɗu da darakta ko marubuciyar da kake so, tambaye su: yaushe za ku ba mu labarin saurayin da ya bar gonar ubansa a Bunkure ya tafi neman zinare, da abin da ya dawo da shi?