Hajiya Mai Haɗi, Me Ke Cikin Robar?

Akwai wata sabuwar al'ada da ta kai ni bango, kuma kun san wadda nake nufi, tunda ku ne kuke turo mini hotunanta kuna cewa "Anti, don Allah wannan yana da kyau?" Farar roba, babu sunan kamfani, babu jerin abin da aka zuba, sai sitika mai hoton fure da lambar waya. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa haɗi ne na musamman, oganik zalla, cikin kwana 7 za ki ga canji. Farashi kuwa sai kin bi ta ciki an gaya miki, kamar ana sayar da abin kunya.

Tambayata guda ce a kullum: me ke ciki? Har yau babu wadda ta dawo mini da amsar da ta wuce "ai sirrin sana'arta ne." To madalla. Sirrin nata ne, fuskar taki ce. Mu da muke juya gwangwanin tumatir a kanti mu duba ranar lalacewarsa kafin mu saya, mu ne kuma za mu biya dubun-dubatar naira mu shafa abin da ba mu san ko mene ne ba, safe da dare, tun daga goshi har tafin ƙafa.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba ni da rigima da son gyara. Jikokin masu dilka da halawa da lalle da kurkum ne mu, kuma amaryar Maiduguri ba ta jira Instagram ba kafin ta san gyaran jiki. Amma tsohuwar da ke dama dilka za ta lissafa miki abin da ta zuba ɗaya bayan ɗaya, har ta gaya miki rumfar da ta saya. Ɓoye-ɓoyen nan ne sabo, kuma shi ne abin da ke ba ni haushi.

Mu ɗauki maganar kwana 7 ɗin nan. Fatar mutum ta sama tana sabunta kanta ne cikin kusan kwana 28, kuma tana ƙara jinkiri yayin da shekaru ke ja. Shi ya sa duk likitan fata da ya ba ki maganin ƙuraje zai ce ki ba shi mako 6 zuwa 8 kafin ki yanke hukunci, na tabo kuma sau da yawa sai an kai wata 3. Man kaɗe ba ya sauya launin mutum cikin mako guda. Zuma ba ta yi. Karas ba ya yi, ko da an matse gona guda. Abubuwan da ke iya wannan aiki da wannan gaggawa sanannu ne, kuma babu ɗayansu da ke tsirowa a lambu.

Na farkonsu shi ne sitiroyid mai ƙarfi, irin su kulobetasol da betametason, man tub ɗin nan da ake saya a kemis a matse cikin roba a gauraya da mai mai ƙamshi. Magani ne na gaske, likitoci suna rubuta shi ga masu wasu cututtukan fata na ɗan gajeren lokaci. Yana matse jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, yana rage samar da sinadarin da ke ba mu launi, sai ki tashi da safe ki ga kin yi fes. A nan ne ake ɗaukar hoton "bayan amfani." Hoton wata na shida babu mai ɗauka. A lokacin fata ta yi siriri, jijiyoyi kore sun fito, nankarwa mai faɗi ta bayyana a hamata da cinya ga yarinyar da ko aure ba ta yi ba, kyasbi da makero sun samu gida, gashi ya tsiro a haɓa. Wanda jiki ya tsotsa ta fata kuma yana iya tada hawan jini da ciwon suga. Ma'aikatan asibiti sun daɗe suna kokawa a kan irin wannan fata wadda ɗinki ba ya kamawa da kyau bayan tiyatar haihuwa.

Ga kuma inda sana'ar ta yi wayo. Ranar da kika daina shafawa, fuska za ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su feso. Ki koma wurin Hajiya mai haɗi da kuka, ta ce miki "kada ki damu ƙawata, datti ne yake fita." Sai ta sayar miki da man gyaran gaɓoɓin yatsu, da man nankarwa, da man ƙunar rana, kowanne a robarsa, kowanne babu rubutu. Ita ta sayar miki da ciwon, ita kuma take sayar miki da maganin, kina godiya kina tura mata ƙawaye. Wallahi wani lokaci har burge ni tsarin yake yi.

Na biyu haidrokwinon. Shi ma likita kan ba da shi, a ma'auni, na 'yan watanni, a tsaya. Wadda ta shekara da shekaru tana laftawa kuwa, sai ya juya mata baya, ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, irin wanda hoda ba ta rufewa kuma wuyar magani gare shi. Garin neman gira an rasa ido. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu haidrokwinon a 2016. Na uku zaiba, wato makuri, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana bi ta jini ta kai ga ɗan da ke ciki, tana kuma manne wa tawul da zanin gado ta shafi mutanen gida da ba su ji ba ba su gani ba. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, har da Najeriya, sun amince a taronsu na 2023 cewa 2025 ne wa'adin daina haɗa kayan kwalliya da ita gaba ɗaya. Robar da ba ta da rubutu ba ta san da wannan yarjejeniya ba.

A watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata tun 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Ko da a ce lissafin ya yi yawa, ki je gidan biki ki kalli hannaye lokacin liƙi. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta lalace. Yara! Amma ki tambayi kowace mai haɗi, amsa ɗaya ce: "Ni ba na bilicin, fito miki da ainihin kalarki kawai nake yi." Ashe duk mutanen garin nan farare ne sol, rana ce kawai ta ɓoye mu.

Na san za a ce mini bayin Allah ne masu neman halalinsu, kuma likitan fata a arewa sai an tona, layinsa ya fi na gidan mai. Gaskiya ne. Amma rubuta abin da ke cikin roba ba ya buƙatar digiri.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, 'yan bokon cikinmu, waɗanda suka tsallake mai haɗi suka faɗa hannun Koriya. Tsarin matakai 10 ɗin nan da Charlotte Cho, mai kamfanin Soko Glam a Amurka, ta yayata wajen 2014, ya iso mana ta TikTok ya zauna daram. Man wanke fuska, sabulun wanke fuska, tona, esens, siram, wani siram ɗin, takardar manna wa fuska, man ido, da sauransu. Yarinya 'yar shekara 19 mai fata lafiya lau, madubinta ya cika da kwalabe, a tsakiyar zafin Afrilu, babu wuta, tana jera abu bakwai a fuska tana fifita da kwali. A dare ɗaya ta shafa ritinol, ta bi da asid mai saɓule fata, ta ɗora bitamin C. Bayan mako biyu fuska na raɗaɗi ko ruwa ya taɓa ta, kuma ba ta san wanne daga ciki ne ya yi ɓarnar ba, sai ta sayo na takwas don ya gyara.

To, dole in sara musu a wuri biyu, ba don ina so ba. Kwalabensu suna da rubutu, ana iya karantawa a yi musu a kai. Kuma su ne suka koya wa 'yan matanmu shafa man kariya daga rana, abin da aka yi shekaru ana faɗa ba a ji ba. Sai dai jabu ya cika kasuwa, kuma kwalbar da kika samu a rabin farashin da ake sayar da ita a ƙasar da aka yi ta, ki san dai ba sadaka aka yi miki ba. Ita ma tambayar da za a yi mata ɗaya ce da ta farar roba.

Abin da fata ke buƙata kullum kaɗan ne, kuma babu abin ɗauka a bidiyo a cikinsa, ina jin shi ya sa ba ya tashe. A wanke da abu mai laushi wanda ba ya barin fuska tana ɗaurewa. Fatarmu tana da ɗan tsami-tsami a halittarta, ma'auninta wajen 5, sabulun gama-gari kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10. Sabulun salo ma yana cikin masu kaifi, kuma na san zan sha zagi a kan wannan. Mai maiƙon fuska tana iya jure masa, amma mai busasshiyar fata da ke goga shi sau uku a rana cikin hunturu, tana haɗawa da soso, ita ke jawo wa kanta. Bayan wanka a shafa mai tun jiki da sauran danshi. A hunturu, lokacin da iska ke tsotse ruwan jiki har leɓe ya tsage, basilin da man kaɗe da gilisarin suna yin aikin da kwalbar dubu arba'in ke yi, ga ƙafa da hannu ma sun fi ta. Da bazara a koma mai marar nauyi, musamman a fuska. Kayan hunturu daban, na zafi daban, kuma wadda ke ba ki shawara daga Seoul ko Landan ba ta taɓa shan ƙurar Janairu a Sakkwato ba.

Sai man rana da safe, mai lamba 30 ko sama, wanda ke tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata. Eh, har ke baƙa. Launinmu yana kare mu daidai gwargwado, amma babbar damuwar fatarmu ita ce tabo: ƙurji ɗaya ya fito ya warke, ya bar baƙin da zai yi wata shida, rana kuma tana ƙara masa duhu kullum. Da yawa daga cikin masu zuwa wurin mai haɗi tabon nan ne ya kai su. Kuma mu masu alwala sau biyar, abin da kika shafa da hantsi ya tafi da azahar, in za ki sake fita rana sai ki sake shafawa. Lema da inuwa da mayafi su ma suna taimakawa, kuma ba sa ƙarewa a kwalba.

In akwai wata matsala takamaimai, a ƙara abu ɗaya. Ɗaya na ce. Ga ƙuraje akwai salisilik asid, ko benzoyil feroksaid, ko adafalin. Ga tabo akwai niyasinamaid ko azelayik asid. Ki gwada a bayan kunne ko cikin hannu na 'yan kwanaki, sannan ki kai fuska, sannan ki yi haƙuri wata biyu kafin ki ce ba ya aiki. Mai ciki ta nisanci ritinol da adafalin da danginsu. Ƙurajen da suka yi zurfi suna ciwo suna barin rami kuwa, na asibiti ne, ko layin ya kai ina. Duk waɗannan sunaye da na lissafa za ki same su a rubuce a bayan kwalba, da adadin da aka zuba, da lambar rajista, da ranar lalacewa. Sunayen da wuyar faɗa, na yarda, amma dai an faɗa miki.

Kuma don Allah a bar lemun tsami a kicin. Shafa shi a fita rana yana iya ƙona fata ya bar tabon da ya fi wanda ake son cirewa. Haka man goge baki a kan ƙurji, haka bakin soda. Masu zuwa a yi musu allurar gulutatayon a shagon gyaran jiki kuma, ban ma san ta inda zan fara da ku ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wata allura ta ƙara haske ba, amma an kwantar da ke a kan kujerar kitso an sa miki ruwa a jijiya, kina ɗaukar bidiyo.

Ku kuma maza da ke can gefe kuna dariya kuna cewa matsalar mata ce, ku matso kusa. Ku ne kuke aika wa a nemo muku "fara, doguwa" kamar kuna odar mota, ku ne kuma kuke zuwa kuna wa'azi a kan canza halitta. Wasunku ma ba a nan suka tsaya ba. Ana lura da yadda robar uwargida ke saurin ƙarewa, kuma ranar ɗaurin aure, lokacin musabaha, kowa yana ganin gaɓoɓin yatsun ango.