Rijiyoyin Salaga da Abin da Ayarin Goro Bai Faɗa Mana Ba

Duk Bahaushen da ya tashi a gidan da ake cin goro ya san sunan Gwanja, ko da bai san inda take a taswira ba. A da, can fatake suke dosa da jakunansu, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata na Kano, su share watanni a hanya, su dawo da huhunan goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk a wannan hanya suka yi suna. Shi goron a kurmin Ashanti yake fitowa, Salaga kuwa kasuwa ce a Gwanja inda mutanen kurmi da na arewa suke haɗuwa. Sai dai a wannan kasuwa, bayan goro, har mutane ake sayarwa. Wannan ɓangare ne ba mu cika son tayar da zancensa ba, shi ne kuma Ayesha Harruna Attah ta ɗauko a ƙagaggen labarinta mai suna The Hundred Wells of Salaga, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a 2018.

Marubuciyar 'yar Ghana ce, haifaffiyar Accra a 1983. Ta bayyana cewa daga gidansu labarin ya samo tushe: cikin kakannin kakanninta akwai wata da ta bi ta kasuwar Salaga a matsayin baiwa, kuma ko sunanta dangi ba su riƙe ba. Rijiyoyin da ke cikin sunan littafin na gaske ne, har yau akwai ragowarsu a garin, kuma ana cewa da ruwansu ake wanke bayi kafin a kai su gaban masu saye.

Mata biyu ne ke riƙe da labarin, babi na wannan, babi na waccan. Aminah budurwa ce a ƙauyen Botu da ke kan hanyar ayari. Mahaifinta baduku ne mai ɗinkin takalma, ita kuma idan ayari ya sauka takan fito da masa ta sayar wa fatake. Shafukan farkon nan su suka fara kama ni, domin mun saba jin labarin ayari daga bakin madugu da mutanensa: wahalar tafiya, 'yan fashi, kuɗin fito, riba. A nan kuwa da idon yarinyar da ke tsaye a bakin hanya muke kallonsa. Tana ɗokin zuwansa saboda ciniki, tana kuma tsoronsa, don baƙi ba su da tabbas. Mahaifinta ya bi hanya da takalmansa bai dawo ba. Daga baya mahara suka auka wa ƙauyen a kan dawakai. Marubuciyar ba ta yi kururuwa a wannan wuri ba. Da gajerun jimloli ta bi waɗanda aka kama cikin daji, ƙafa ta kumbura, yunwa ta ci, ana raba 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, har da ƙannen Aminah tagwaye, Hassana da Husseina. Wannan kamun kai ya fi hawaye dubu tasiri.

Wurche kuwa 'yar sarauta ce a Kpembe, mazaunin sarakunan da ke iko da Salaga. Mahaifinta Etuto yana neman hawa fatar sarauta, don a Gwanja a kan fata sarki yake zama. Ita doki take so da zaman fada, a ji ta bakinta idan ana shawarar yaƙi. Abin da ta samu shi ne aure: aka ba da ita ga Adnan, ɗan sarautar Dagomba, don a sami mayaƙa. Na ji daɗin yadda aka gina ta. Tana da kaifin basira, tana da girman kai, ga son zuciya, kuma ba a wanke ta daga ko ɗaya ba. Macen da ke kukan an sayar da ita da sunan aure, ita ce ta shiga kasuwa ta mallaki Aminah, ba tare da ta ga wani abin mamaki a cikin hakan ba. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake. Babu jirgin ruwa, babu Bature mai bulala a tsakiyar labarin. Maƙwabta ne ke kama maƙwabta, masu salla da marasa salla duk da hannunsu a ciki, kuma kowa yana da hujjar da yake kwantar wa kansa hankali da ita.

Akwai wani ɗan abu da zai faranta wa mai karatu na ƙasar Hausa rai. Malamar Wurche ana kiranta Jaji, tana kuma karantar da ita waƙoƙin Nana Asma'u. Wanda ya san tsarin 'Yan Taru, yadda 'yar Shehu ta riƙa tura su jaji ƙauyuka su ilimantar da mata, zai gane cewa ba a banza aka sa wannan suna ba. Asma'u ta rasu a 1864, ga shi bayan kusan shekara talatin karatunta yana yawo a Gwanja. Hanyar da ta kai kanwa ita ta kai littattafai. Ita ce kuma ta kai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi.

Tarihin da labarin ya jingina da shi ma tsayayye ne. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Ashanti a kan Salaga ya yi sanyi, cinikin goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1888 Ingila da Jamus suka amince a bar yankin ba na kowa ba, alhali kowannensu yana zagaye shi da ido. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin. Ga kuma Babatu da mayaƙansa Zabarmawa suna kai hari ƙasar Gurunsi. Duk wannan yana cikin littafin, amma ta bakin mutane yake shigowa, a hirar zaure da raɗe-raɗin kasuwa.

Inda na so a ƙara aiki shi ne kan mazan labarin. Moro, maharin da zuciyarsa ta fara ƙin sana'arsa, ya cancanci a zauna da shi sosai. Shaƙuwar da ta shiga tsakaninsa da Aminah ta zo da sauƙin da ban gamsu da shi ba, idan aka tuna irin abin da masu sana'arsa suka yi wa gidansu. Helmut, Bajamushen da ke cikin labarin, bai wuce inuwa ba. Rikicin gidajen sarautar Kpembe kan rikita mai karatu a wasu wurare, sunaye su yi yawa a shafi guda. Sannan matan biyu ba su haɗu ba sai da labari ya yi nisa, shi ya sa ƙarshen ya zo da gaggawa, daidai lokacin da zamansu tare ya fara daɗin karatu. Littafin bai kai shafi ɗari uku ba, da an ƙara masa hamsin ba zan yi ƙorafi ba. Ya kamata kuma iyaye su sani akwai wuraren da ya taɓo fyaɗe da sha'awa a fili, don haka na manya ne.

Wanda ya gama shi yana son sanin lissafin da ke bayan wannan ciniki, sai ya nemi A Fistful of Shells na Toby Green, malamin tarihi a King's College da ke Landan, wanda ya fito a 2019. Shi ba ƙagagge ba ne. Hujjarsa ita ce Afirka ta Yamma ta daɗe tana fitar da abin da darajarsa ke ɗorewa, zinariya da kuma ƙarfin 'yan Adam, tana karɓar wuri da tagulla da sandunan ƙarfe, waɗanda darajarsu ke zubewa gwargwadon yawan shigowarsu. Wurin nan daga tsibiran Maldives ake ɗebo shi. Ya kawo zancen har zuwa jihadin 1804. Littafi ne mai kauri, yana kuma yawan tsallake daga Kongo zuwa Gambiya, sai an yi haƙuri da shi. Mai son jin inda tagwayen suka ƙare kuwa, Ayesha ta bi sawunsu a The Deep Blue Between na 2020.

An riga an fassara labarin Salaga zuwa Faransanci da Jamusanci. Littafin da madugu da masa da Jaji suke cikinsa ya fi cancanta a karanta shi da Hausa, daga Kano har zangon Kumasi. Ina kira ga mafassaranmu da masu ɗab'i su duba shi.