Haƙuri da Dogara: Nazarin Al'adar Bangaskiya ta Kiristocin Hausawa a Kano

Kiristocin Hausawa na ƙasar Kano, waɗanda da yawansu ke kiran kansu Masihiyawa, suna da wata al'ada ta ibada da ta tsaya a kan ƙafa biyu: jure wa wuya ba tare da sakin bangaskiya ba, da miƙa wa Allah al'amuran yau da kullum, tun daga shuka da ciniki har zuwa jinya da neman aure. Ba wata aƙida ce dabam da aka tsara a littafi ba. A cikin addu'a da waƙa da ba da shaida da sunayen 'ya'ya ake ganinta. Abin da ya ba ta kamanninta shi ne matsayin masu ita, domin mutane ne 'yan kaɗan da ke zaune a gefen birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana cibiyar ilimin Musulunci. A cikin ganuwar Kano babu wata sananniyar majami'a, amma tarihin da waɗannan mutane ke bayarwa game da asalinsu daga tsakiyar birnin ya faro, a Kasuwar Kurmi.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau sarauta a 1855, an yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim. Karatun ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba Isa wani matsayi da ya wuce abin da sauran malamai suka yarda da shi, ya kuma tara almajirai a kan haka. Aka neme shi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa suka watse zuwa gabas da kudu, wajen Ningi da ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau, inda aka san su da sunan Isawa. Suka zauna suna noma, suna karantar da 'ya'yansu, suna jiran cikar wata magana da suka ce malaminsu ya bar musu, cewa wata rana za a kawo musu cikakken labarin Isa.

Wannan labari yana buƙatar a karanta shi da hankali. Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga bakin jikokin Isawa da kuma alƙalamin 'yan mishan, musamman Dakta Walter Miller, kuma kowannensu yana da dalilin ganin Malam Ibrahim a matsayin mai share fage ga bishara. Masana tarihi irin su Ian Linden sun fi kallon Isawa a matsayin wata ƙungiya da ta taso daga cikin Musulunci, a lokacin da jiran Mahadi da saukowar Isa ya cika zukatan mutane, talakawa kuma suna kukan haraji. Isawan farko ba su san baftisma ba, ba su da Linjila a hannu, ba su da ikilisiya. Duk da haka, abin da ya yi tasiri ga Masihiyawa ba hukuncin masana ba ne, yadda aka riƙa ba da labarin ne. Ya zame musu ma'auni: mutumin da ya zaɓi mutuwa a kan ya musanta abin da ya gaskata, da jama'ar da ta yi kusan shekara hamsin tana jira ba ta gaji ba.

Zuwan 'yan mishan bai kawo sauƙi nan da nan ba. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, har da Miller, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai suka ga zaman lafiyar mulkinsu ya fi musu komai, suka hana wa'azin Kirista a cikin mafi yawan biranen sarakuna. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 a wajen ganuwa, nan ne majami'u suka tsiro, amma na baƙi ne: Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo da Gwalkwas, masu aikin reluwe da akawu-akawun kamfanoni. Tun daga lokacin Bakano ya saba ganin addinin Kirista a matsayin kayan baƙo, wannan gani kuwa shi ne nauyin da Bahaushe Kirista ya fi daɗewa yana ɗauke da shi.

Jiran Isawa ya ƙare a 1913, lokacin da wasu samarinsu suka iske Miller a birnin Zariya, inda ya zauna tun 1905. Daga nan iyalai da dama suka taru a wani ƙauye mai suna Gimi, suka kafa unguwar Kirista da makaranta a ƙarƙashin wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929. Daga zuriyarsu ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Gimi tana da muhimmanci ga fahimtar wannan al'ada fiye da yadda aka saba ba ta. Mutanen da suka ga alkawari ya cika, sa'an nan suka binne 'ya'yansu a wurin da ya cika, ba za su iya koya wa na baya cewa bangaskiya tana hana masifa ba. Abin da suka koyar shi ne cewa masifa ba hujja ba ce ta cewa Allah ya juya baya.

A ƙasar Kano kanta, ƙofar da ta buɗe ta jinya ce. A shekarun 1930 hukuma ta yarda ƙungiyar mishan ta SIM ta kula da masu ciwon kuturta, aikin da ya yi suna a Yadakunya, a 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na Kano wanda yanzu ke hannun ɗariƙar ECWA, inda har gobe Musulmi ne suka fi yawa a layin ganin likita. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Amma yawan Masihiyawan yau daga Maguzawa suka fito, na yankunan Sumaila da Rano da Tudun Wada da Ƙaraye da Rogo, waɗanda suka shiga ikilisiya da yawa daga shekarun 1970. Manoma ne, kuma sun shigo da damuwar manomi: ruwan sama, tsadar taki, rashin makaranta, da gonar gado.

Bahaushe Kirista da ya shigo birni neman aiki ko karatu yakan iske kansa baƙo sau biyu. A wurin 'yan'uwansa Hausawa, addininsa ya ware shi, har akan tambaye shi ko shi ɗan wace ƙabila ne. A wurin Kiristocin Kudu na Sabon Gari, harshensa da rigarsa da hularsa sukan sa a yi masa kallon tuhuma, musamman in gari ya rikice. Wanda kuwa ya fito daga gidan Musulmi yakan rasa gida da gado da dangi a lokaci guda. Wannan hali ne ya sa haƙuri ya zama tsakiyar wa'azinsu, ba ƙawa ba. Labarin Ayuba da na Yusufu a kurkuku da Zabura ta Dawuda sun fi yawo a bakinsu fiye da wuraren da ke maganar nasara da ɗaukaka.

Ranar mai bi tana farawa da addu'ar asuba ta iyali, inda maigida ko uwargida ke karanta 'yan ayoyi, a yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a ambaci buƙatun ranar da sunansu: kuɗin makaranta, ɗan da ke kwance, hanyar da za a bi. Addu'ar ba ta da tsayayyen lafazi, kuma ba a jin kunyar sa ƙaramin abu a cikinta. Wannan shi ne ma'anar dogara a aikace, wato babu al'amarin da ya yi ƙanƙanta da za a ɓoye wa Allah shi. A ƙauye, shekara tana da nata tsarin: addu'ar roƙon ruwa in damina ta yi jinkiri, da godiyar kaka, lokacin da ake kawo damman dawa da gero da buhunan masara gaban majami'a a matsayin baiko, ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Ginshiƙin al'adar kuwa mata ne. Zumuntar Mata, wadda ke da rassa a ECWA da Angilika da Katolika da sauran ɗariƙu, ita ce ke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, ita ke tara gudummawa ga gwauruwa, ita kuma ke ƙirƙirar waƙoƙin da suka fi shiga jini. Waƙoƙin littafi yawancinsu fassara ce daga Turanci, da karin da bai dace da hawa da saukar muryar Hausa ba, shi ya sa sukan yi nauyi a baki. Na zumunta kuwa a kan karin daka da na gaɗa aka gina su, mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, ana kaɗa tulu da ganga da kacau-kacau. Jigonsu bai cika wuce 'yan abubuwa ba: duniya ba wurin zama ba ce, wahala tana da iyaka, wanda ya riƙe mutum jiya ba zai sake shi yau ba. Ta fuskar adabi, a nan ne addinin ya fi zama ɗan gida a Hausa, kuma abin mamaki ne yadda masu nazarin waƙar baka suka yi ko oho da wannan rumbu.

Ba da shaida ita ce hanya ta uku, bayan addu'a da waƙa. A tsakiyar sujada mutum yakan miƙe ya faɗi abin da ya same shi da yadda ya fita. Tana da tsari sananne, ko da yake ba wanda ya rubuta shi: a fara da godiya, a kwatanta matsin, a faɗi lokacin da dabara ta ƙare, a rufe da yadda mafita ta zo. Amfaninta ga jama'a a fili yake, don tana mai da wahalar mutum ɗaya ta zama darasin kowa. Rauninta kuma a fili yake: wanda addu'arsa ba ta sami amsar da yake so ba ba shi da abin faɗi, sai ya yi shiru a kujerarsa. Sunayen 'ya'ya ma wata irin shaida ce da ke bin mutum har kabari. Ban da Bitrus da Bulus da Rifkatu da Saratu, akwai Godiya da Alheri da Bege da Murna da Haƙuri da Dogara, kowanne yana nuna halin da gidan ke ciki sa'ad da aka haifi mai sunan.

Mai lura zai ga cewa kusan duk wannan ɗabi'a tana da 'yar'uwa a gidan maƙwabci Musulmi. Dukansu suna cewa haƙuri maganin zaman duniya, dukansu suna yi wa mai makoki gaisuwa da kalmomi kusan iri ɗaya, dukansu suna sa "in Allah ya yarda" a gaban kowane shiri. Bambancin yana cikin tushen da aka jingina haƙurin. Musulmi yana jingina shi ga ƙaddara da ladan da ke jiran masu sabati. Kirista yana ƙara da cewa Almasihu da kansa ya sha wuya a kan gicciye, saboda haka mai shan wuya yana tarayya da shi ne, kuma an umarce shi ya gafarta wa wanda ya cuce shi.

An gwada wannan koyarwa da wuta ba sau ɗaya ba. An ƙona majami'u a Kano a watan Oktoba na 1982. A Oktoba na 1991 shirin zuwan mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke ya jawo tarzomar da ta ci rayuka daga ɓangarorin biyu. Ranar 29 ga Afrilu, 2012, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, daf da ganuwa. A watan Janairun wannan shekara ta 2012 dai, lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur, an ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har su idar da salla, wasu Musulmi kuma suka ziyarci majami'u don kwantar da hankalin masu ibada. Kiristocin Kudu da yawa kan kwashe iyali su tafi gida in rikici ya tashi. Bahaushe Kirista ba shi da wani gida da zai koma, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa ya fi kowa riƙon hulɗar maƙwabtaka.

Al'adar tana da masu sukarta daga cikin gida. Matasa masu ilimi suna cewa an yi amfani da haƙuri wajen rufe bakin mutane a kan haƙƙinsu, kamar takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da filin gina majami'a, da malamin addinin Kirista a makarantun gwamnati, kuma ƙungiyoyin Masihiyawa na yanzu sun fi na da fitowa fili su nemi waɗannan abubuwa. Sukar tana da ƙarfi, musamman inda aka ce wa matar da miji ke duka ta ci gaba da jurewa. Daga wani gefen kuma majami'un Fentikos, da suka yawaita a Sabon Gari tun shekarun 1980, sun zo da wa'azin da ke auna bangaskiya da buɗi da warkarwa nan take, inda doguwar wahala ke zama alamar raunin imani. Tsofaffin ikilisiyoyin Hausa ba su karɓi wannan ba, ko da yake salon kiɗa da addu'ar dare na sababbin ya shiga cikinsu. Yanzu waƙoƙin zumunta da wa'azin Hausa suna yawo a wayoyin hannu ta WhatsApp da YouTube, suna isa ga masu bi da ke zaune a unguwannin da babu majami'a kusa, har da waɗanda ba sa iya bayyana bangaskiyarsu a gidajen da suke.