Littafin Janar Babangida da Daminar 1993 a Agege

Tun ranar 20 ga Fabrairun 2025 da aka ƙaddamar da littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Badamasi Babangida a Abuja, mai suna A Journey in Service, zancensa bai mutu a majalisunmu ba. Da Turanci aka rubuta shi, don haka yawancinmu a rediyo muka ji, wasu kuma yaran gida 'yan boko suka karanta musu wajen da ya shafi 12 ga Yuni suna fassarawa. A kan wannan wajen za mu yi magana, domin mu ma abin ya biyo ta kanmu.

Za mu fara ba shi haƙƙinsa. Bayan shekara 32, Janar ya faɗa da bakinsa cewa Alhaji Mashood Abiola na SDP ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993, da ƙuri'a sama da miliyan 8, Alhaji Bashir Tofa na NRC kuma kusan miliyan 6. Ya ce ya yi nadama, ya ɗauki alhakin soke zaɓen. To, madalla, ba kowane mai mulki ke iya furta wannan ba. Sai dai da hannun dama ya ɗauki laifin, da na hagu ya miƙa wa Janar Sani Abacha. Ya ce ranar 23 ga Yuni yana Katsina wajen ta'aziyyar Alhaji Musa 'Yar'aduwa aka ba da sanarwar sokewar ba da izininsa ba. Abacha ya rasu tun 8 ga Yunin 1998, ba shi da bakin musu, iyalansa ne suka fito suka ƙaryata. Kuma ai Janar da kansa ya fito a talabijin ranar 26 ga Yuni ya kare sokewar. Da kunnenmu muka ji.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne inda labarin ya sa ido. Duk a fadar gwamnati yake, da bariki, da kotu: wa ya kira wa, wane hafsa ya yi barazana, yadda ƙungiyar Arthur Nzeribe ta samo umarnin hana zaɓe. Kai ka ce rikicin a tsakanin mutum ashirin aka yi shi. Alhali daminar nan a tsakar gidajen talakawa ta sauka.

Matasanmu da ba a haifa ba su saurara. Zaɓen nan ba a fi mako biyu da Babbar Sallah ba aka yi shi, mutane na cikin walwala. Da yawa a unguwar nan Abiola suka zaɓa, shi da Babagana Kingibe, kuma ba mu kaɗai ba, har a Jihar Kano ya kayar da Tofa, ɗan gida. Amma da aka shiga zanga-zangar 5 ga Yuli, aka toshe hanyoyi, sojoji suka buɗe wuta a titunan Legas, sai Bahaushen Agege ya wayi gari ya zama ɗan'uwan wanda ya soke zaɓe. Ba wanda ya tambaye ka wa ka zaɓa. Hularka da doguwar rigarka sun amsa.

Kasuwa ta rufe. Mai huhun goro yana ji yana gani kaya na lalacewa, mai tireda ya buɗe rabin ƙofa ya sayar wa wanda ya sani. Mu kuwa yawanci sai an fita ake ɗora tukunya, kwana uku a gida ba ƙaramin abu ba ne. Mata suka koma auna shinkafa da gwangwani, kananzir ya yi wuya, risho ya koma gefe, aka hura gawayi a ɗan lungun gidan haya, ga ruwan sama. Magidanta kuma kunne a jikin rediyo, BBC da asuba, BBC da dare, ana gamawa kowa ya shiga ɗaki matarsa ta tambaye shi, "Malam, tafiya za mu yi ko zama?"

Wannan tambayar ita ce tarihin 12 ga Yuni a wurinmu. Da Agusta ta kama, aka sake zaman gida na kwana uku, jita-jitar yaƙi ta cika gari, 27 ga wata da sojoji suka yi alkawarin miƙa mulki tana ƙaratowa. Inyamurai suka yi gabas, namu suka yi arewa. Kuɗin mota ya tashi. An sayar da keken ɗinki da kwanukan jere a wulaƙance don a sami na tirela. An cire yara daga makarantar allo da ta boko. Wasu sun tura iyali sun zauna gadin shago, wasu sun kulle ɗaki sun ba mai gidan haya mukulli. A nan dole mu yi adalci: Yarabawa masu gidaje da yawa sun riƙe amana, wasu ma sun tsaya a ƙofa sun ce ba mai taɓa baƙinsu. Maulidin shekarar a ƙarshen Agusta ya faɗo, sahu a masallatai ya ragu ƙwarai. Janar ya ja gefe ranar 26 ga wata ya bar wa Cif Ernest Shonekan, shi ma bai cika wata uku ba Abacha ya karɓe ranar 17 ga Nuwamba.

Kuma wutar ba ta mutu nan ba. Daminar 1994 ma'aikatan mai suka yi yajin aiki bayan an kama Abiola, aka koma layin kananzir. Da ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998, a kan 'yan Arewa mazauna Legas wasu suka huce. Zargin da aka shuka a 1993 shi muka yi ta girba shekara da shekaru.

Malamanmu sun karantar da mu sharuɗɗan tuba: nadama, barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba. In kuwa laifin ya shafi bayin Allah, akwai na huɗu, a mayar da haƙƙi ko a nemi yafiyar mai shi. Ba mu san zuciyar kowa ba, wannan na Allah ne. Zahiri muke dubawa. Gwamnatin Buhari ta karrama Abiola a 2018, ta mai da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya. A wajen ƙaddamar da littafin an tara biliyoyin naira don gina ɗakin karatu na Janar, Alhaji Aliko Ɗangote kaɗai ya yi alkawarin biliyan 8. Shugaba Tinubu na zaune a wurin, wanda a 1993 shi ne sanatan Legas ta Yamma, wato sanatanmu na nan Agege. Manya sun yafe wa manya, an yi tafi. Matar da ta sayar da kayan ɗakinta, da uwar da aka harbe ɗanta a titi, Bayarabiya ce ko Bahaushiya, ba mu ji an nemi jin ta bakinsu ba.

Waɗanda suka ga abin nan suna nan da ransu a Zango, amma kullum raguwa suke yi. Yaran da suka karanta mana littafin Janar, kowanne da waya a hannu. Su je su zauna gaban iyayenmu mata bayan la'asar, su tambaye su nawa aka biya kuɗin mota zuwa Kano a watan Agustan nan, da me aka sayar kafin a biya, su naɗa, mujallar nan ta buga.