Farautar Lambobin Mersenne

A watan Oktoban 2024 aka tabbatar da mafi girma cikin sanannun lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Alƙalumanta 41,024,320 ne, amma bayaninta gajere ne: a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su gaba ɗaya, a ɗebe ɗaya. Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, shi ya gano ta a ƙarƙashin shirin GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996, inda 'yan sa-kai ke ba da aron kwamfutocinsu. Ita ce ta 52 da aka sani cikin marasa rabuwa na dangin lambobin Mersenne, wato masu irin wannan siffa.

Farautar ta samo asali ne daga cikakkun lambobi, wato waɗanda in an tara masu raba su, ban da su kansu, sai a dawo kansu, kamar 28, wadda ita ce 1+2+4+7+14. Euclid ya nuna kowace lamba mara rabuwa ta dangin Mersenne tana haifar da cikakkiya ɗaya. Bayan kusan shekara dubu biyu Euler ya tabbatar duk cikakkiyar da ke rabuwa da 2 ta nan take fitowa.

Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe da dangin ya ci sunansa, ya fitar da jerinsa na sau nawa za a jera 2 don a samu mara rabuwa a 1644, kuma akwai kuskure a ciki: ya sa 67 da 257, ya tsallake 61 da 89 da 107. Gyaran wannan jeri ne ya ba farautar mutuncinta. A 1903, a taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya tashi bai ce uffan ba. A gefe ɗaya na allo ya jera 2 sau 67, ya ninka su, ya ɗebe ɗaya, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287. Amsoshin suka zo daidai, ya koma ya zauna. Zato, ko na babban malami ne, ba ya zama hujja a wannan fage sai an gwada kowa ya gani.

Abin da ke damuna shi ne yadda girma ya rufe idon masu ba da labari. Lambobin Mersenne ke riƙe da kambu don suna da gwaji mai sauƙi, na Lucas da Lehmer, wanda yawancin sauran lambobi ba su da irinsa. Tsakanin ta 51 da ta 52 akwai lambobi marasa rabuwa bila adadin da ba wanda ya taɓa rubutawa. Kambun ƙarfin na'ura yake aunawa.

Manyan tambayoyin kuwa suna nan inda magabata suka bar su. Ba a tabbatar ko marasa rabuwa na dangin Mersenne suna da iyaka ba, ba a kuma samu cikakkiyar lamba ko ɗaya da ba ta rabuwa da 2 ba, balle a nuna babu ita. Ko an samu ta 53 gobe, waɗannan biyun hujjar alƙalami suke jira.